Karsanar Da Na Kai Ruga Da Almuru

Kwanakin baya jikana ya shigo zaure da sauri, waya a hannu, ya ce bijimin da yake turkawa ya tashi da ƙullutai a wuya. Ya ɗauki hotonsa ya aika wa likitan dabbobi. Kafin in kai rabin kokon da ke gabana amsa ta dawo: a ware shi daga sauran, a yi hayaƙi saboda ƙuda, likita na nan tafe. Yaron ya juya ya fita yana ƙwala wa ƙanensa kira ya kawo igiya. Ko a jikinsa. Ya ga ciwo, ya faɗa, an gaya masa abin yi. Ni kuwa na zauna da ludayi a hannu har kokon ya huce. Da likitan ya zo na ba shi labarin wata cuta da na gani ina saurayi, ya ce wannan ta yanzu ba ta shigo ƙasarmu ba sai bayan wancan zamani, wataƙila 'yar'uwarta ce muka gani. Ban yi masa musu ba, shi ya karanta. Abin da na sani, irin ƙullutan nan na taɓa ƙirga su da yatsuna a jikin wata karsana, kuma wannan ɓangaren labarin ban ba shi ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ƙofa da Yako. A lokacin Turawa ba su tafi ba, babur kuwa sai a labari. Abin da ke tashe mu da safe shi ne luguden mata da ƙarar guga a bakin rijiya, sai jaki ɗaya ya soma kuka sauran jakan gari su amsa masa. In an gama yankan dawa sai wata murya ta ƙaru, kukan shanu daga gonarmu ta gabas. Kowace kaka wani Bafillace, aminin mahaifina, wanda muke kira Baffa, yakan dawo daga wajen Doguwa ya kafa ruga a gonar nan. Shanunsa su ci kara da harawa, su bar mana taki, mahaifina ya aika masa da dammunan dawa, matarsa, Goggo, ta shigo gidanmu da hantsi da ƙwaryar kindirmo ta zauna su yi ta hira da mata har rana ta take. Uban Baffa ma a gonar nan yake sauka tun zamanin kakana. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba a kira shaidu ba. Yanzu kara ɗaure shi ake yi a kai kasuwa, taki a buhu yake zuwa, manomi da makiyayi kuwa sau da yawa ba sa zama wuri ɗaya sai a gaban hukuma. Yara sukan yi tsammanin ƙari nake yi in na ce na ga Bahaushe da Bafillace suna cin tuwo a akushi ɗaya suna zolayar juna, wannan ya ce wa wancan bawansa ne, wancan ya ce ai kai ko saniya ta fi ka sanin hanya.

Ni ne ɗan fari, saboda haka mahaifina ba ya kama sunana, ba ya dubana ido da ido. In yana son abu sai ya faɗa wa iska, "A gaya wa yaron nan ya ɗauro jaki," alhali ina tsugune a gabansa. Innata ma haka take yi. Kakata ta wajen uba ita ce bakinmu, ita ce kunnenmu. Dama ni ba mai magana ba ne. Da aka ɗauke ni makarantar boko har na wuce midil a birni, sai shirun nawa ya ƙaru. In na zo hutu samari suna dandali, ni ina gindin tsamiya da littafi. Komai nawa a jere yake, fensir a fiƙe, layi a miƙe. Mutanen gari suna ce mini Malam ƙarami, wasu don ƙauna, wasu don ba'a, domin a ganinsu wanda aka kai boko an yi asararsa a gona.

A hutun ƙarshen daminar nan na zo da wani ɗan littafi na kiwon dabbobi da malamin aikin gona ya ba ni aro. Na haddace shi kamar karatun allo. Ya zamana kuma mahaifina ya yi niyyar sayen karsana, saniyarsa ta farko, don ya ba Baffa kiwo. A al'ada Baffa ne zai zaɓa masa, to amma bai sauko ba tukuna. Kakata ce ta sa baki.

"Ga mai gidana nan ya shanye littafin shanu, sai ka tsaya jiran Bafillace? A je da shi, in ya zaɓo mana akuya ma mu gani."

Ranar tafiya kasuwar Tudun Wada na ji mahaifina ya ce wa ƙofar ɗaki, "Wanda zai je ya fito." Muka tafi a ƙasa, mu uku da wani maƙwabcinmu, muka kwana a hanya.

A kasuwar shanu wani dillali mai baki ya ga littafi a hannuna ya tafa hannu.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Yau da takarda ake sayen saniya. To Malam, buɗe mata ta karanta da kanta."

Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai na bi abin da na haddace. Na buɗe bakin wadda ya nuna mana, na duba ido, na ɗaga ƙafa, sai ga kofaton baya a tsage, an cike tsagar da laka. Na kankare lakar da tsinke. Dariyar ta koma kan dillali. Daga nan na zaga har na tsaya a kan wata farar karsana mai baƙin kunne, haƙoranta biyu, idonta garau. Aka yi ciniki. Muna fitowa daga kasuwa mahaifina ya dubi maƙwabcinmu, ya ce, "Ashe karatun nan ba banza ba ne."

Ba ni ya faɗa wa ba, amma tun da aka haife ni ban taɓa jin magana irin wannan daga bakinsa ba. Na riƙe igiyar karsanar har gida ban ji nisan hanya ba.

Aka ɗaure ta a bayan rumbu kafin Baffa ya iso, ni ke ba ta dusa da kanwa. A kwana na uku ina cire mata kaska, sai yatsana ya ci karo da wani abu a ƙasan wuyanta, tauri gare shi, girman ƙwallon kanya, a cikin fata. Na laluba gaba, ga wani. Na bi jikinta a hankali har cinya, guda bakwai. Washegari sha ɗaya, kuma ta soma barin dusa, hancinta na yoyo. Abin da na yi shi ne abin da na iya: na zana hoton saniya a bayan littafin rubutuna, na ɗiga wa kowane ƙullutu ɗigo a inda yake, kullum da safe in ƙara sababbi. Littafin kiwo bai san sunan cutar ba, amma ya faɗi abu ɗaya ƙarara, dabbar da ba ta da lafiya ba a haɗa ta da garke. Har layi na ja a ƙarƙashin wannan jimla tun ina makaranta.

Na je wurin Kaka tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, na tsuguna.

"Kaka, in saniya ta yi ƙurji a wuya..."

"Wace saniya? Kai dai ka cika tambaya kamar alƙali. Ka san kuwa ubanka kwana uku ke nan yana neman ƙarin tuwo? Jiya a ƙofar masallaci sau biyu ya ba da labarin kofaton nan. Me kake cewa ne?"

"Ba komai. A littafi na gani."

"To bar shi a littafin, miƙo mini audugar can."

Na miƙa mata. Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta ɗaure mini harshe, wai ɗan fari ba ya tarar ubansa da magana. Ƙarya nake yi wa kaina. Kaka na nan, kalma huɗu sun isa. Tsoro nake kada mahaifina ya janye maganar da ya faɗa a hanyar Tudun Wada.

A kwana na bakwai muka ji kukan shanu daga gabas. Da la'asar saƙo ya zo ta bakin Kaka, a kai wa Baffa amanarsa. A lokacin akan shafa wa dabba laka da toka saboda bobuwa, ƙudan nan mai cizo da ke yawa a ƙarshen damina, don haka ba wanda ya yi mamaki da ya ga ina kwaɓa laka. Na shafe mata wuya da cinya da kauri. Sa'an nan na yi ta jan ƙafa, na gyara igiya, na sake alwala, har rana ta faɗi. Na isa ruga da almuru, an hura wutar ɗanyen ganye, hayaƙi ya lulluɓe garke, 'yan maruƙa suna ɗaure a dangwali suna kiran iyayensu.

Baffa dogo ne, siriri, sandarsa kullum a kafaɗa. Ya taso da murna.

"Malam ƙarami! Labari ya riga ka zuwa. An ce ka kunyata dillali a gaban kasuwa. To mu Fulani sai mu sayar da sanduna mu sayi fensir."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya miƙa hannu zai shafa wuyan karsanar, kamar yadda kowane makiyayi ke yi ba tare da tunani ba. Sai ya janye hannun, ya goge a rigarsa.

"A'a. Daga gidan aminina ta fito, mai karatu ya zaɓa. In na laluba ta na zagi gidanku. Lafiyarta ƙalau dai ko?"

"Ƙalau, Baffa."

Ya kwance igiyar da kansa ya sake ta cikin shanu. Goggo ta cika mini ƙoƙo da madara mai ɗumi, na shanye a tsaye.

Mako biyu ba a ji komai ba, har na soma cewa Allah ya rufa asiri. Ana nan sai Goggo ta zo da rabin ƙwarya, bayan kwana biyu ta zo da ƙoƙo, daga nan ba ta sake zuwa ba. Na je gonar da sunan ɗebo kara. Abin da na gani har yau in na rufe ido ina ganinsa. Shanu a tsaye, kai a ƙasa, jiki duk tudu-tudu kamar an watsa musu tsakuwa a ƙarƙashin fata. Wasu ƙullutan sun fashe sun bar rami, ƙuda ya baƙanta su. Hantsa ta kumbura, uwa na harbin ɗanta in ya zo sha. Biyu sun yi ɓari. Baffa da 'ya'yansa suna dafa sassaƙen maɗaci a tukunya suna ɗura musu, suna shafa man shanu a gyambo, ƙarfen lalas yana cikin wuta. Ya ce shi ya san kirci tun yana yaro, wannan ba kircin da ya sani ba ne. Ya gaishe ni kamar kullum, har ya tambayi karatu.

Akwai wata tsohuwar saniya ja a garken, wadda Baffa ya ce daga tsatson saniyar da ubansa ya ba shi ranar suna take. Ba ya kiranta sau biyu. Ita ce ta fara kwanciya. Da ya ga ba za ta tashi ba ya sa aka kira mahauci, shi kuwa ya juya baya ya tafi wajen rafi har aka gama. Da aka shanya fatar, rana na leƙowa ta cikinta. Majemin garinmu ya ɗaga ta ya ajiye, ya ce ko guga ba za ta yi ba.

Gari ya ɗauka. Masu takarkari da 'yan shanun turke suka tsorata, aka ce Fulani sun kwaso annoba daga kudu, ga shi har sun shafa wa karsanar mutane. Mai unguwa ya aika, malamin dabbobi ya zo a kan keke, aka taru a gindin durumi da hantsi. Ni ma aka kira ni, tunda ni na kai ta. Littafin rubutuna yana aljihun rigata, da hoton saniya da ɗigo-ɗigonsa, kowace safiya da nata.

Malamin dabbobi ya ce abin da yake so ya sani ɗaya ne, wacce ta fara. Mahaifina ya ce, "Tawa dai lafiya lau ta bar gidana. Wanda ya zaɓe ta ya duba ta tun daga haƙori har kofato."

Malamin ya juyo gare ni, ya yi mini magana da girmamawa, irin ta ɗan boko ga ɗan'uwansa. "Kai ɗan midil, kwana bakwai tana hannunka. Ka ga wani abu a jikinta?"

Baffa yana zaune a gefen tabarma, sandarsa a kan gwiwa. Ya dube ni, ba harara, ba roƙo. Jira kawai yake. Na dubi ƙasa, na ga tururuwa na jan ƙwayar dawa.

"Ban lura ba, Malam."

Sai Baffa ya gyara zama ya ce, "A bar wahalar da yaro. Mu ne masu yawo, mai yawo shi ke kwaso ƙaya."

Da a nan aka tsaya, da wataƙila abin ya gyaru. Amma mahaifina, wanda ya ga saniyarsa ta farko ta lalace, ga kuma idon jama'a a kansa, ya ce a hankali, "Da ka faɗa mini akwai ciwo a garkenka, Baffan yara, da ban aiko ta ba."

Bai ɗaga murya ba. Amma ya ce wa Bafillace, a gaban gari, ya ɓoye wa amininsa cuta. Baffa ya tashi, ya yi wa mai unguwa sallama, ya ce ba sai an kore su daga rijiya ba, jibi za su tashi.

Ranar tashinsu na je da sassafe. An rushe bukkoki, ana ɗora kaya a kan takarkarai, marasa lafiya suna ɗingishi a baya. Goggo ta gan ni ta kau da kai. Baffa ya jawo karsanarmu, ta rame amma ta soma cin ciyawa, ya sa mini igiyar a hannu.

"Baffa," na ce, "ni ne..."

"Na sani, Malam ƙarami. Tun washegari da raɓa ta wanke lakar. Ƙurjin da ya yi baƙin baki ba na kwana ɗaya ba ne. Na ware ta, amma ta riga ta kwana a cikinsu."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa mutum ɗansa na fari ya yi mini ƙarya? A gaban mahauci da majemi?" Ya girgiza kai. "Na ba ka hanya shekaranjiya, ba ka bi ba. To yanzu kada ka faɗa masa a makon nan. Ya rasa amini, kada ya haɗa da ɗa. Bari zuciyarsa ta huce, sa'an nan ka faɗa."

Ya ɗora sanda a kafaɗa ya bi shanunsa. Mako ɗaya ya ba ni. Ni na mai da shi shekaru.

Hutu ya ƙare na koma makaranta, na ce sai na dawo. Da na dawo na ce sai bayan salla. Karsanar ta warke da tabo a wuya, ta yi ta haihuwa, har ya zama duk shanun gidanmu jikokinta ne. Da ɗanta aka yi mini aure. Kowace kaka mahaifina yakan hana a taɓa karan gonar gabas, ya bar shi a tsaye har awakin gari su cinye. Wasu Fulani sun nemi sauka, ya ce wurin da mai shi. Sau biyu ya yi tattaki har wajen Doguwa yana cigiya, aka ce an ga mutumin ya yi kudu. Gonar ta soma gajiya, dawarta ta koma gajera. Kaka ta rasu, aka rasa mai kai magana tsakaninmu, ni kuma na sami wannan ya zama sabon dalili.

Da tsufa ya kama mahaifina, idonsa ya yi rauni, kunyar ɗan fari ta saki kaɗan. Wata la'asar na zo daga wurin aiki na same shi a zaure, muka gaisa. Wani garke yana wucewa ta bayan gari, muna jin kukansu. Ya saurara har suka yi nisa. Sa'an nan ya juyo da fuskarsa sosai wajena, abin da bai saba ba.

"Kai da ka yi karatu," ya ce, "maganar nan da na faɗa wa Bafillacen nan a gindin durumi, ita ce ta hana shi dawowa ko? Na yi ta juya ta. In ciwon nasa ne, ai gaskiya na faɗa. To me ya sa take ci na haka?"

Ba kowa a zauren sai mu biyu. Ba dillali, ba mai unguwa, ba wanda zai yi dariya. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, da furfura a gemu. Na buɗe baki.

"Wataƙila kiwo ne ya yi masa kyau a kudu, Baba."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya ce, "Allah ya sa haka ne." Ya laluba butarsa, na miƙa masa, ya fita alwala. Bai kai kaka ta gaba ba.